Darasi: Yadda Ake Zaɓen Wurin Cin Abincin Dare A Birnin Garwa

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bambanta ire-iren wuraren cin abinci da ke Garwa, ya san wanda ya dace da irin fitar da zai yi;
2. duba lafiyar kifi da nama da ruwan sha kafin ya zauna;
3. karanta takardar farashi, ya lissafa kuɗin fitar gaba ɗaya, har da na komawa gida;
4. tambayar abin da ya shafi addininsa cikin ladabi, ba tare da ya ɓata wa kowa rai ba.

Garwa bayan magariba

A Garwa rana ce ke yanke wa mutane lokacin fita. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, don haka wanda ba dole ta fito da shi ba yana cikin inuwa har la'asar sakaliya. Da an sallame magariba sai gari ya ɗauki wata harama. Masu tsire sun hura tukuba, mata masu gasa kifi sun jera tire a bakin titi, masu shayi sun shimfiɗa benci, 'yan acaɓa na ta kai da kawowa tsakanin unguwannin Yelwa, Poumpoumré, Plateau da Roumdé Adjia.

Garwa ce hedkwatar Yankin Arewa na ƙasar Kamaru, tana zaune a gaɓar kogin Binuwai, kuma nan ne mahaifar Ahmadou Ahidjo, shugaban ƙasar na farko. Ƙidayar 2005 ta samu mutum kusan 236,000 a cikinta, kuma tun daga lokacin take ta ƙara faɗi. Kamfanin auduga na SODECOTON, wanda aka kafa a 1974, nan yake da babban ofishinsa, ga filin jirgin sama, ga jami'ar da aka kafa a 2022. Waɗannan duka sun tara ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa daga kudu da arewa, kowa da irin cimarsa. A watan Janairun 2022 filin wasa na Roumdé Adjia ya karɓi wasannin Gasar Cin Kofin Afirka, kuma a nan ne Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema ranar 11 ga watan. Magoya baya da yawa sun tsallako daga Yola da sauran garuruwan Najeriya, kuma kowane ɗayansu da dare ya yi sai ya tambayi mutanen gari: ina ake cin abinci a nan?

Amsar tambayar ba sunan wuri ɗaya ba ce. Gidajen abinci na buɗewa suna rufewa, mai dafuwar da ta yi suna bana tana iya komawa wata unguwa baɗi. Abin da ya fi amfani shi ne mutum ya san abin da zai duba da abin da zai tambaya tun yana tsaye, kafin a jawo masa kujera.

Abu na farko: wace irin fita ce?

Magidancin da zai fita da iyalinsa ranar sallah, da samarin da suka taso daga kallon wasan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Coton Sport, da ɗan kasuwar da ke son ganawa da baƙonsa daga Marwa, ba wuri ɗaya ya kamace su ba. Mai iyali na buƙatar haske, kujeru masu kyau, bayan gida mai tsabta, da nisa daga bakin titi saboda yara. Mai magana ta kasuwanci na buƙatar wurin da kiɗa ba zai hana shi jin abokin maganarsa ba. Samari kuwa galibi araha da raha suke nema. Wanda bai tsayar da dalilin fitarsa tun daga gida ba, shi ne ke ɓata dare yana zagaye a kan babur, kuɗin abinci na tafiya a kuɗin hanya.

Abu na biyu: ire-iren wurare

A sama akwai gidajen abinci na otal, irin na La Bénoué da Relais Saint-Hubert da suka daɗe a garin, da kuma Ribadou da aka gina saboda gasar Afirka. A irin waɗannan akan samu na'urar sanyaya ɗaki, da ma'aikata masu kawo abinci, da rubutacciyar takardar farashi cikin Faransanci. Sun fi tsada, amma farashinsu a rubuce yake, kuma suna ba da rasit.

Ƙasa da su akwai gidajen abinci na cikin unguwa, kuma su suka fi yawa. Wasu na mutanen arewa ne: tuwon dawa ko na masara ko na shinkafa, da miyar yakuwa wadda mutanen gari ke kira *foléré*, ko ta tafasa, ko lalo, ko kuka, ko kuɓewa. Wasu na mutanen kudu ne, inda ake samun *ndolé*, wato miyar shuwaka da gyaɗa, da kuma *poulet DG*, kaza da aka haɗa da soyayyar agada da kayan lambu.

Sai na bakin titi: mai tsire da balangu, mai kifi, mai shayi da ke soya ƙwai da taliya, da rumfunan da ake zama a dogon benci ana cin shinkafa da wake. Kada a raina waɗannan. Gashin nama sana'a ce da Hausawa suka riƙe a faɗin Kamaru, har unguwar Briqueterie da ke Yawunde ta yi suna a kan tsire, wanda a ƙasar ake ce wa *soya*. Sau da yawa mai tukubar da jama'a ke layi a gabansa ya fi wani gida mai ƙyalli sabon nama, domin nasa ba ya kwana.

> Muhimman kalmomi
>
> Takardar farashi (*menu* ko *carte*): jerin abincin da gida ke sayarwa, da kuɗin kowanne a gefensa.
>
> *Plat du jour*: abincin da aka dafa da yawa a ranar. Yakan fi araha, kuma ba a daɗe ana jiransa.
>
> *Tourne-dos*: rumfar abinci ta bakin titi, inda masu ci ke zama a benci sun ba titi baya.
>
> Mahaɗi (*complément*): abin da ake ci da kifi ko nama, kamar soyayyar agada, dankali, shinkafa ko curin rogo da ake naɗewa cikin ganye.

Abu na uku: kifi da wuta

Duk wanda ya zo Garwa za a ce masa ya ci kifi, kuma da dalili. Banda kogin Binuwai da ke ratsa gefen gari, akwai madatsar ruwa ta Lagdo, kimanin kilomita 50 daga birnin, wadda aka gina tsakanin 1977 da 1982. Tafkin da ta tara ya jawo masunta daga wurare da dama, kuma daga can ake kawo giwan ruwa, da karfasa, da tarwaɗa. A takardar farashi giwan ruwa shi ne *capitaine*, karfasa *carpe*, tarwaɗa *silure*. Akwai kuma kifin teku na ƙanƙara, wanda ke yin doguwar tafiya daga Duwala kafin ya iso. Duka biyun ana gasawa, sai dai ɗanɗanonsu da kuɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma mai saye na da haƙƙin ya san wanne ake ba shi.

Wurin mai kifi yana da wata fa'ida da gidan abinci ba ya da ita: kaya a fili suke. Ga su nan jere a tire, an tsattsaga jikinsu da wuƙa don yaji ya shiga, ga garwashi a gefe, ga kwanon haɗin tafarnuwa da citta da barkono da ake shafawa. Mai saye ya matso kusa da fitila. Idon sabon kifi fes yake, a cike, yana sheƙi; wanda ya kwana idonsa ya dushe ya faɗa ciki. A ɗaga murfin da ke gefen kansa, inda yake numfashi: ja ake so a gani, ba ruwan ƙasa ko toka ba. A danna tsokar da yatsa. In ta dawo nan take, da kyau, in kuwa yatsa ya bar rami, a bar shi. Hanci ma alƙali ne. Sabon kifin kogi ƙarni kaɗan yake da shi, ba ya ɗoyi.

Sannan a nuna wanda ake so, a ji kuɗinsa, a kuma tsaya a ga an ɗora shi a wuta. Kifin da aka gasa tun da la'asar aka ajiye a gefen murhu, ana ɗan ɗumama shi in mai saye ya zo, shi ne abin gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye a fili, kuma ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60. Zafin daren Garwa yana tsakiyar wannan ma'auni. Abinci mai ɗumi-ɗumi ya fi hatsari. Wanda ke turiri daga wuta shi ne mai aminci. Jiran minti 30 don a gasa sabo ba asara ba ne.

Haka abin yake wajen mai tsire. A ce ya mayar da naman wuta ko da ya rantse yanzu ya sauke. A lura ko wuƙa da katakon da yake yanka ɗanyen nama su ne yake yanka gasasshe da su, ko kuma ɗanye da gasasshe na haɗe a tire ɗaya. In za a naɗe a tafi da shi, a nemi takarda mai tsabta, ba ta buhun siminti ko tsohuwar jarida ba.

Akwai wani abu da baƙo ba zai sani ba. Wutar lantarkin arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da Lagdo, kuma idan rani ya yi tsanani ruwa ya ja baya, ɗaukewar wuta kan yawaita. Firij ɗin da ya wuni ba wuta bai tsare kaza ko kifin da ke cikinsa ba. Don haka a watannin zafi, tambayar ko gida na da janareta ko na'urar hasken rana ba tsegumi ba ce, musamman ga mai son cin kaza, kindirmo ko wani abu mai madara.

> Muhimman kalmomi
>
> Ma'aunin hatsari: zafin da ke tsakanin digiri 5 da 60, inda ƙwayoyin cuta ke saurin yawaita a cikin abinci.
>
> Gurɓatar abinci: shigar ƙwayar cuta ko datti cikin abinci ta hanyar hannu, ƙuda, ruwa, ko wuƙar da ta taɓa ɗanyen nama.

Abu na huɗu: ruwa

Cutar amai da gudawa ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Ta yi ɓarna a arewacin Kamaru a 2010 da 2011, ta sake ɓulla a Yankin Arewa a 2018. A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, mutum miliyan 91 ke kamuwa da ciwo kowace shekara a Afirka saboda gurɓataccen abinci, kuma 137,000 daga cikinsu ke rasuwa. Ruwa marar tsabta na cikin hanyoyin da abinci ke gurɓata.

Saboda haka mai hankali kan leƙa wurin wanke kwanuka kafin ya kalli adon bango. In bokiti ɗaya ne aka wuni ana tsoma faranti a ciki har ruwan ya yi maiƙo, wannan ya isa shaida. Wurin wanke hannu ma haka: buta ko famfo da sabulu ake nema, ruwan na zuba yana wucewa, ba kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu ba. Ruwan gora irin su Tangui ko Supermont a buɗe shi a gaban mai sha, ya ji ƙarar tsinkewar murfin. Zoɓo da lemon citta da ake ɗurawa a tsofaffin gorori suna da daɗi a daren zafi, amma a saya inda aka san mai yin su. Ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba a bar ta, haka ɗanyen latas da tumatir a lokacin damina ko lokacin da aka ji labarin ɓullar cuta. Ga yara ƙanana da mata masu juna biyu da tsofaffi, wannan doka ba ta da sassauci.

Abu na biyar: halal

Garwa gari ne na Musulmi da Kirista, kuma suna cin kasuwa ɗaya. Wasu wuraren, musamman a unguwannin da dare ke raye kamar Yelwa, masu gasa kifi na zaune ne a ƙofar mashaya, mai saye ya zauna a teburin mashayar a kawo masa. Wasu gidajen na dafa naman alade ko naman daji, wasu girke-girken otal kuma akan zuba musu giya. Wanda addininsa ya hana shi waɗannan, tambaya zai yi a fili tun a ƙofa: ana sayar da giya a nan? Daga ina naman yake? Tukunya da man suya ɗaya ne? Matambayi ba ya ɓata, kuma mutanen garin sun saba da wannan tambaya. Ba a yin ta da yamutsa fuska, domin mai gidan sana'arsa yake yi. In wurin bai dace ba, ana iya sayen kifin a naɗe a tafi da shi gida.

Wanda zai fita kafin isha'i ya zaɓi wurin da masallaci ke kusa. A watan azumi kuwa lokutan gidajen abinci na Musulmi kan sauya, wasu sai bayan asham suke cika.

Abu na shida: kuɗi

Nan ne aka fi samun ɓacin rai, kuma kusan kullum dalili ɗaya ne: an ci kafin a tambaya.

Kuɗin Kamaru sefa ne na ƙasashen Tsakiyar Afirka, wanda bankin BEAC ke bugawa, mai takardun 500, 1,000, 2,000, 5,000 da 10,000. Wanda ya zo daga Maraɗi ko Damagaram ya lura: sefar Nijar ta bankin BCEAO ce, kuma ko da yake darajarsu ɗaya, takardun daban ne, sai an canza. Mai naira ma ya canza tun da rana. Ƙarancin canji matsala ce da kowa ya sani a ƙasar, don haka wanda ya miƙa wa mai shayi takardar 10,000 a kan cinikin 700 zai daɗe a zaune. A tanadi ƙananan takardu da silalla. Wurare da dama na karɓar Orange Money ko MTN Mobile Money, amma a tambaya tukuna, a kuma tuna cewa tun Janairun 2022 akwai harajin kashi 0.2 cikin 100 a kan aikawa da cire kuɗi ta waya, ban da ladan kamfani.

> Muhimman kalmomi
>
> TVA: harajin da gwamnati ke ɗorawa a kan kaya da hidima. A Kamaru kashi 19.25 ne cikin 100.
>
> HT: farashi ba tare da haraji ba. Za a ƙara TVA a kansa.
>
> TTC: farashi da haraji a ciki. Shi ne abin da za a biya.
>
> *Addition*: takardar lissafin abin da aka ci, wadda ake kawowa a ƙarshe.

Farashin da ke cikin misalan nan an sa shi ne don koyon lissafi. Na gaskiya yana sauyawa da wuri da kuma lokaci.

*Misali na 1.* Wani tela da ke zaune a unguwar Lopéré yana so ya fita da maiɗakinsa da yaransu biyu su ci kifi. Ya ware sefa 10,000. Kafin ya yi tunanin kifi sai ya fara cire kuɗin hanya. Babura biyu za su hau. A ɗauka zuwa 300 ne kowanne, wato 600. Dawowa dare ya yi, a ɗauka 500 kowanne, wato 1,000. Hanya ta ci 1,600, saura 8,400.

Da suka isa sai ya tsaya a gaban tire.

"Sannu da aiki, Inna. Wannan babbar karfasar nawa?"

"Sannu, Malam. Dubu huɗu da ɗari biyar."

"Ta Lagdo ce ko ta ƙanƙara?"

"Ta Lagdo, yau aka kawo. Duba idonta."

"Na gani. A bar mana dubu huɗu. Da agada a ciki?"

"Na bari saboda yara. Amma agada daban ce, ɗari biyar faranti."

Tambayar ƙarshen nan ita ce ta fi muhimmanci, domin da yawa kan ɗauka mahaɗi kyauta ne. Ga lissafinsa: kifi 4,000, agada faranti biyu 1,000, babbar gorar ruwa 500, zoɓo huɗu a kan 200, wato 800. Jimilla 6,300. In aka haɗa da 1,600 na hanya, fitar ta tashi 7,900, ya koma gida da 2,100. Da bai cire kuɗin dawowa tun farko ba, zai iya ganin 9,400 a aljihunsa ya ƙara kifi na biyu na 3,000, ya tashi da sefa 100 kacal, ga mata da yara a bakin titi ƙarfe goma na dare.

*Misali na 2.* Wata 'yar kasuwa mai sayar da atamfa ta gayyaci abokiyar cinikinta daga Ngaundere zuwa gidan abincin wani otal. Abin da suka zaɓa ya kama 12,000. A ƙasan takardar farashin an rubuta HT da ƙananan haruffa. Ke nan sai an ƙara haraji: 12,000 sau 19.25, a raba da 100, ya ba da 2,310. Abin biya 14,310. Wanda ba ya da alƙalami a hannu yana iya ƙara kashi ɗaya cikin biyar: 12,000 a raba biyar 2,400 ne, ya san dai abin ba zai wuce 14,400 ba. Da TTC aka rubuta, 12,000 ɗin ne kawai. Da aka kawo mata *addition* ta bi layi-layi, ta ga an rubuta lemo uku alhali biyu suka sha. Ta kira mai kawo abincin a hankali ta nuna masa, ya gyara ya ba da haƙuri. Irin wannan kuskure na faruwa in wuri ya cika, kuma ba sai da ɗaga murya ake gyara shi ba. Ɗan abin da za a bar wa mai hidima kuwa ihsani ne, gwargwadon hali.

*Misali na 3.* Abokai biyar sun fita bayan wasan ƙwallo. Uku sun ci kifi na 3,000 kowanne, biyu sun sha shayi da tsire na 1,000 kowanne. Jimilla 11,000. In aka raba daidai, kowa zai ba da 2,200, wato kowane mai shayi ya biya 1,200 fiye da abin da ya ci. A al'ada wanda ya ce "ku zo mu je" shi ake sa ran zai biya, kuma kunya kan hana a yi maganar. Gara a faɗa tun kafin a hau babur: wane ne mai gayya, ko kuwa kowa da aljihunsa. Minti ɗaya na wannan magana ya fi a rabu ana ƙunƙuni.

Abu na bakwai: lokaci da hanyar komawa

Daren Asabar, ƙarshen wata, ranakun sallah da Kirsimeti, da ranar da ake babban wasa a Roumdé Adjia, wurare kan cika, kifi mai kyau kan ƙare da wuri. Mai iyali ya fita da an yi magariba. Da damina, daga Mayu zuwa Oktoba, a zaɓi wuri mai rufi. Da hunturu kuwa ƙura ce abin lura, a ga ko an rufe abinci.

Acaɓa ce babbar hanyar zirga-zirga a Garwa. A yi ciniki kafin a hau, kuma in da hali a riƙe lambar wayar ɗan acaɓa da aka sani ya zo ya ɗauka. A fita da katin shaida, baƙo kuma da takardunsa na shiga ƙasa, domin jami'an tsaro kan tsayar da mutane da dare. A gaya wa wani a gida inda aka nufa. Wuri mai daɗin abinci da ke ƙarshen lungu marar fitila, a bar shi sai da rana.

Tambayoyin bita

1. Kawo ire-iren wuraren cin abinci uku da ake samu a Garwa, ka faɗi wanda ya fi dacewa da mai fita da yara ƙanana, da dalilinka.
2. Waɗanne alamomi huɗu ake gane sabon kifi da su?
3. Me ya sa abinci mai ɗumi-ɗumi ya fi mai turiri hatsari? Awa nawa ya kamata dafaffen abinci ya yi a fili?
4. Wace alaƙa ce tsakanin ruwan Lagdo, wutar lantarki, da kazar da ke cikin firij?
5. Bayyana bambancin HT da TTC. In abinci ya kama sefa 8,000 HT, nawa za a biya?
6. Wata mata ta ware sefa 6,000 don ita da ƙanwarta. Kuɗin hanya zuwa da dawowa 1,400 ne, kifi 3,000, mahaɗi 500, ruwa 500. Nawa zai rage mata? Za ta iya ƙara zoɓo biyu na 200 kowanne?
7. Baƙo ya zo daga Maraɗi da sefar Nijar a aljihunsa. Wace shawara za ka ba shi kafin ku fita?
8. Ku kasu biyu-biyu: ɗaya mai gidan abinci, ɗaya mai saye. Mai saye ya tambayi farashi, mahaɗi, da halaccin naman cikin ladabi.
9. Aikin gida: ka je wurin cin abinci mafi kusa da gidanku, ka duba wurin wanke hannu, wurin wanke kwanuka da yadda ake ajiye dafaffen abinci, ka rubuta abin da ka gani cikin jimla biyar ba tare da ambaton sunan wurin ba, ka kawo aji a darasi na gaba.